Tarin da Ba a Goge Ba

Jikata Saude ta faɗo shago da hantsi,
rana ta fara toya kwanon Ƙofar Marke,
ta ce, "Kaka, aje dalmar nan, ba ni kunne,
Kulu 'Yar Marina ta dawo."
Na ce, wace Kulu?
Wadda ta yi shiru shekara ashirin da bakwai
har munka bar tambayar ko tana duniya?

Ni mai gyaran rediyo ne. Na san murya
yadda majemi ya san fatar jan akuya.
Ta Kulu na san ta tun tana ɗanya,
sa'ad da take tsayawa a dandalin otal na bakin Rima
cikin doguwar riga ruwan bula,
Garba Dogo a bayanta da kakakinsa na tagulla,
Mamman Tela na tsinkar jita kamar mai tsintar shinkafa,
mu ko samari, wando mai faɗin ƙafa, suma tuli,
muna ƙirga kuɗin ƙofa a tafin hannu,
kullum saura sule biyu.

Kaset ɗinta na nan cikin gwangwanin kusoshi.
Sau nawa rikoda ta tauna zarensa,
sau nawa na zura biro na lallashe shi ya koma gida.
Marigayiya Tumba ba ta rawa a gaban kowa,
amma in na kunna shi tana daka,
taɓarya ce ke tona mata asiri.

Wanga sabo ba shi da kwali, ba shi da ƙamshin roba.
Waƙa tara cikin wayar yarinya
mai tsagaggen gilashi.

Muryar ta sauka.
Kamar Rima cikin bazara,
ruwan ya ja da baya, gaɓa ta yi tsawo,
sai yanzu kake ganin inda zurfin yake.
Inda da take tsalle ta cafko sama,
yanzu takan tsaya, ta dube ta,
ta kewaya a hankali kamar mai ciwon gwiwa a matakala,
kuma ta isa.

A ta huɗu ta kira sunaye.
Mamman Tela: jitar wani yaro ta amsa.
Ta ce Garba Dogo,
ta bar masa fili daidai tsawon numfashinsa,
ba abin da ya shigo.
Can sai tari. Ɗaya, busasshe.
Sai 'yar dariya ta hanci, sai ganga ta ɗauka.

Saude ta ce, "Yaran Mabera da sunka haɗa shi
sun manta ba su goge ba."
Na ce, 'yar nan, shekara arba'in ina cire ƙara daga cikin murya,
na san wadda anka manta,
na san wadda anka bari.

Ɗan Ige mai shayi ya leƙo ya ce,
"Tsohuwa da furfura, ba gara ta riƙe tazbaha ba?"
Ban tanka ba.
Na dai ga ya koma ya rage tasa rediyon,
madara na ƙonewa bai motsa ba.

Na hure ƙurar rikoda, na sa tsohon kaset.
Kulu biyu cikin shago ɗaya,
yarinyar na gudu gaba da kakakin Garba,
tsohuwar na biye, ba ta ce a jira ta ba.
Sun haɗu a baiti guda, wallahi, guda tak,
gashin hannuna ya miƙe.

Sai anka ɗauke wuta.

Yarinyar ta shaƙe a tsakiyar kalma,
fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Tsohuwar ta ci gaba ita kaɗai
daga tafin Saude,
batir saura kaɗan.

Na ce kar ki taɓa komai.
Dalmar ta riga ta huce.